Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Jini: Abin da Lambobin Jajayen Ƙwayoyi Ke Faɗa

"Jininki ya yi ƙasa." Da wannan magana aka sallami ƙanwata daga ɗakin likita, aka miƙo mata takarda cike da haruffa da lambobi. Kafin mu isa gida har an gama rubuta mata magani ta waya. Goggo ta ce malta da madarar gwangwani, maƙwabciya ta ce zoɓo mai kauri, wani ɗan'uwa ya ce a tsaya kemis a sayo tonik. Duk cikinsu ba wanda ya ce a buɗe takardar a ga abin da ta ce, alhali rabin amsar yana cikinta.

Ƙarancin jini kamar zazzaɓi yake: jiki ne ke sanar da kai cewa wani abu na faruwa. Aikin takardar gwaji shi ne ta nuna maka inda za ka fara bin sawu. Ga yadda ake karanta ta.

Tukuna, me ake ƙirgawa?

In aka zuba jini a siririyar kwalba aka juya shi a inji, rabuwa yake yi. Sama ruwa ne fatsi-fatsi, ƙasa ja ne mai kauri, tsakaninsu wani ɗan farin layi kamar zare. Jan nan na ƙasa shi ne jajayen ƙwayoyin jini. Aikinsu dako: su ɗauko iskar oksijin daga huhu su raba wa kowane lungu na jiki. Abin da ke riƙe iskar a cikin kowace ƙwaya shi ne sinadarin himoglobin, shi kuma ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon.

A cikin ɓargo ake ƙera waɗannan ƙwayoyi, sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kowace ɗaya takan yi kwana 120 tana aiki, sannan saifa ta tsince ta ta rushe, jiki ya maida ƙarfen da ke cikinta ya sake amfani da shi. Ƙoda ce ke lura da yawan iskar da ke cikin jini. In ta ga ta ragu sai ta saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara himma.

In ka riƙe wannan hoto, komai zai zo maka da sauƙi, domin hanya uku ce kawai jini ke raguwa: ko ɓargo bai ƙera isasshe ba, ko jinin yana zuba ta wani wuri, ko kuma ana farfasa ƙwayoyin kafin kwanansu ya cika.

Bari in raba wani rikici tun da wuri. Hawan jini ba ya nufin jini ya yi yawa a jiki. Hawan jini maganar ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya ne, da abin awo na dantse ake gane shi. Mutum na iya fama da hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda, musamman mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu. Na ga dattijuwar da ta ƙi shan maganin ƙarin jini don an taɓa ce mata tana da hawan jini, tana tsoron kada "ya ƙara hawa". Haka ta yi ta fama da haki har sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayani.

Mataki na 1: San gwajin da aka yi maka

A yawancin ƙananan asibitocinmu gwajin da aka fi yi shi ne PCV. Za a soki ɗan yatsa, a ɗora wani siririn bututun gilashi kamar tsinken tsintsiya, jinin ya hau ciki da kansa. A toshe gindinsa, a sa a inji ya juya shi kamar minti 5, a ciro a ɗora kan ma'auni a ga kashi nawa cikin ɗari jan ya cinye. Yana da arha da sauri, amma lamba ɗaya tak yake bayarwa.

Babban gwajin shi ne FBC, wasu takardun su rubuta CBC. A Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci NFS ake ce masa. Daga jijiyar hannu ake ɗiban jinin, a zuba a kwalba mai murfi ruwan shunayya, inji ya ƙirga komai: jajayen ƙwayoyi, farare, da masu daskarar da jini. Ba ya buƙatar a zo da azumi. In an ce jininka ya yi ƙasa kuma PCV kaɗai aka yi, ka nemi a yi wannan babban in da hali. Kuɗin da za ka kashe a kansa bai kai na kwalaben tonik ɗin da za ka yi ta saye a makance ba.

Kafin ka kalli ko lamba ɗaya, duba saman takardar: sunanka ne? Shekarunka daidai ne? An rubuta namiji ko mace daidai? Kwanan wata fa? A ɗakin gwajin da layi ya yi tsawo, musanyar takarda abu ne da ke faruwa.

Mataki na 2: Nemo lambobi uku

Ta farko ita ce RBC, wato yawan jajayen ƙwayoyi a cikin ɗigon jini ɗan mitsitsi da ake kira mikrolita. Ga babban namiji yawanci tsakanin miliyan 4.5 da 5.9 take, ga mace tsakanin miliyan 4.0 da 5.2. A takardar Faransanci za ka ga GR ko Hématies.

Ta biyu ita ce Hb ko HGB, nauyin himoglobin. Wannan ce uwar tafiya, da ita ake yanke hukuncin ƙarancin jini. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba yana da ƙarancin jini in Hb ɗinsa ya gaza 13, mace marar ciki in ya gaza 12, mai ciki in ya gaza 11 (ko 10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki), yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 shi ma in ya gaza 11. Ƙasa da 7 ga mai ciki ko ƙaramin yaro, ko ƙasa da 8 ga sauran mutane, ya zama mai tsanani. Lura da ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar: in g/dL ne za ka ga kamar 13, in g/L ne wannan lambar za ta fito 130. Abu ɗaya ne, kada ya firgita ka.

Ta uku ita ce PCV, wadda inji ke rubutawa HCT. Maza yawanci tsakanin kashi 40 da 52 cikin ɗari, mata tsakanin 36 da 48. Akwai ɗan lissafi mai amfani: PCV kusan ninkin Hb sau uku ne. Mai Hb 10 zai samu PCV wajen 30. Saboda haka in nas ta ce miki "jininki 30 ne", PCV take nufi. In ta ce "10 ne", Hb take nufi.

Kowane ɗakin gwaji yana buga nasa iyakokin a gefen dama na takardar, kuma sukan ɗan saɓa da juna. Da nasu za ka gwada. Harafin L kusa da lamba yana nufin ta yi ƙasa, H kuma ta yi sama.

Abin da takardar ƙanwata ta nuna shi ne RBC 4.0, Hb 9, PCV 27. Dubi abin mamaki: yawan ƙwayoyinta yana bakin iyaka, wanda ya kalle shi kaɗai zai ce lafiya lau take. Amma ƙwayoyin ƙanana ne, ba su ɗauke da isasshen himoglobin. 'Yan dako sun cika kasuwa, kowa da ɗan ƙaramin kwando. Shi ya sa ba a dogara da RBC shi kaɗai.

Mataki na 3: Tuna jikin wa aka auna

Lamba ɗaya ba ta faɗar abu ɗaya ga kowa.

Mai juna biyu jininta ƙaruwa yake yi, amma ruwan jinin ya fi jajayen ƙwayoyi saurin ƙaruwa, sai ya tsinke kamar kunun da aka ƙara wa ruwa. Don haka ɗan saukar PCV a tsakiyar ciki abu ne da aka saba gani. Sai dai kada wannan ya sa ki yi sakaci da awo. Matar da ta shiga naƙuda da cikakken jini za ta iya jure zubar da wadda ta shiga da Hb 7 ba za ta jure ba, kuma zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke mana mata. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Wato a tsakanin waɗannan mata da yara, mai ƙarancin jini ya fi mai cikakken jini yawa.

Jariri sabon haihuwa Hb ɗinsa ya fi na babba, sai ya riƙa sauka har wajen wata 2 zuwa 3, sannan ya daidaita. Kada a gwada takardar jinjiri da iyakokin manya.

Mai sikila, wato mai rukunin SS, ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su mutu, don haka ko yana cikin ƙoshin lafiyarsa Hb ɗinsa yakan tsaya tsakanin 6 da 9. Abin da ya kamata iyayensa su haddace shi ne lambar da ya saba zama a kai lokacin da yake lafiya. In ya saba zama a 8 yau aka ga 5, an shiga haɗari. In ya saba 7 aka ga 7, ba abin tashin hankali. A sani kuma FBC ba ya faɗar ko mutum AA ne, AS ko SS. Wannan gwaji ne daban da ake kira jinotayip. Mai AS kuwa yawanci jininsa daidai yake, in ya yi ƙasa a nemi wani dalili.

Mazauna tudu kamar Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ko tsaunin Mambila da ya haura mita 1,500, lambobinsu kan ɗan ɗara na mazauna ƙasa, saboda oksijin da ake shaƙa a can bai kai na ƙasa yawa ba. Wanda gudawa ko amai suka ƙarar wa ruwan jiki shi ma PCV ɗinsa zai fito sama da gaskiyarsa, sai an ƙara masa ruwa ainihin lambar ta bayyana. Haka wanda ya yi haɗari yana zubar da jini yanzu-yanzu: a awannin farko PCV na iya fitowa daidai, domin ruwa da ƙwayoyi tare suka zube. A irin wannan hali jikin mutum ake kallo, ba a jiran takarda.

Mataki na 4: Duba girman ƙwayar

Wannan layi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi nuna hanya. Sunansa MCV, a takardar Faransanci VGM. Matsakaicin girman ƙwaya ɗaya yake faɗa, daidai ɗinsa ga babba 80 zuwa 100.

In ya gaza 80, ƙwayoyin ƙanana ne, kuma mafi yawan lokaci ƙarfe ne ya yi ƙaranci. Na ƙanwata 68 ne. Gwajin da ke tabbatar da haka shi ne feritin, wanda ke auna ƙarfen da jiki ya ajiye a rumbu. Akwai kuma wani gado da ake kira talasimiya, ana samunsa sosai a Afirka ta Yamma, mai shi ƙwayoyinsa ƙanana ne amma suna da yawa, kuma ko ya shekara yana shan ƙwayar ayon ba za su girma ba. Gubar dalma ma tana hana ƙera himoglobin. Ita ce ta yi ajalin ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Duk yaron da ke zaune inda ake niƙa duwatsun zinare, a gaya wa likita haka.

In ya wuce 100, ƙwayoyin sun yi girma fiye da kima. Ƙarancin folik asid ko bitamin B12 ke kawo haka, ko ciwon hanta, ko shan giya, ko wasu magunguna, ciki har da haidroksiyuriya da ake ba masu sikila. Ƙarancin B12 yakan zo da jin ƙafa ta mutu ko tana tsira kamar allura, kuma in aka bar shi ya daɗe yana lalata jijiyoyin ji da motsi.

In yana tsakanin 80 da 100 amma Hb ya yi ƙasa, sai a yi tunanin zubar jini ta kwanan nan, maleriya, ciwon ƙoda, tarin fuka, ko wata doguwar cuta da ta sa ɓargo ya yi sanyi.

Sauran layukan, MCH da MCHC da RDW, ƙarin shaida ne ga likita. In ka fahimci MCV ka samu babban rabo.

Mataki na 5: Bi sawun jinin

Yanzu sai tambayoyi, kuma kai ka fi kowa sanin amsarsu. Ka shirya su tun kafin ka koma gaban likita.

Yana zuba ne? Ga mace, al'ada ita ce ta farko. In tana wuce kwana 7, ko tana zuwa da guda-guda, ko sai kin canza ƙunzugu kowace awa ɗaya ko biyu, wannan zuba ce mai yawa ko da haka kika saba tun kina budurwa. Kunya na hana mata da yawa faɗin wannan, likita kuma ba ya sanin gaibu. Haihuwa kusa-kusa ma na ƙarar da rumbun ƙarfe, ciki ya shiga kafin a maida abin da na baya ya kwashe. Sai basir mai jini. Sai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, ta maƙale a hanji tana tsotso. Sai tsargiya, fitsarin jinin da yara ke ɗauka a kududdufi da bakin dam da fadamun noman rani. Sai gyambon ciki, wanda yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke tonowa. Alamarsa bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari.

A nan zan ja hankali da babbar murya. Namiji babba, ko matar da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, kada a tsaya a ƙwayar ƙarin jini kawai. Ba su da wata hanyar zubar jini ta ɗabi'a, don haka dole a binciki ciki da hanji. Ciwon dajin hanji sau da yawa da haka yake fara nuna kansa, tun ba ciwo ba kumburi.

Ana farfasa shi ne? Maleriya ce kan gaba, domin ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyi take shiga ta hayayyafa ta fasa su. Yaro na iya rasa jini mai yawa cikin kwana biyu ko uku, shi ya sa ɗakunan yara ke cika da masu neman ƙarin jini da damina ta yi nisa. Sikila ma a nan take. Akwai kuma ƙarancin sinadarin G6PD, gado ne da ya fi kama maza: mai shi lafiya lau yake har sai ya sha wasu magunguna ko ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa tufafi, sai ƙwayoyinsa su farfashe. Alamar farfashewa ita ce ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara.

Ko kuwa ba a ƙera shi ne? A nan abinci ke shigowa, da ciwon ƙoda, da cututtukan ɓargo. In ka ga fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ma sun sauka tare da jajayen, kada ka kwana da takardar, ka kai wa likita.

Jiki ma yana ba da tasa shaidar. Ja fatar ido ta ƙasa a gaban haske: mai cikakken jini cikinta ja ne, mai ƙarancin jini fari fat. Haka tafin hannu da harshe. Ga kasala, jiri in an miƙe, haki a ɗan hawan bene, bugun zuciya. Kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara ma sau da yawa ƙarancin ƙarfe ne ke sa shi.

Mataki na 6: In lambar sama ta yi

Wannan bai kai ƙarancin jini yawan faruwa ba. Mafi yawa rashin ruwa ne, a sha ruwa a sake gwaji. In ya ci gaba da zama sama, a duba shan taba, ciwon huhu ko zuciya, allurar ƙarin ƙarfin maza, ko wata cutar ɓargo mai sa shi ƙera ƙwayoyi ba tsayawa. Haɗarinsa jini ya yi kauri ya daskare a jijiya, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Mataki na 7: Magani, sannan a sake aunawa

In an tabbatar ƙarfe ne ya gaza, ƙwayar ayon ce magani, irin jajayen nan da ake ba mata a wurin awo. Mai arhar tana aiki kamar mai tsadar. A sha ta da ruwa ko ruwan lemo, a nisanta ta da shayi da madara da kamar awa 2, domin dukansu suna hana hanji tsotse ƙarfe. A nan malta da madara suka faɗi: suna ba da ƙarfin jiki na ɗan lokaci saboda sukari, amma ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Zoɓo kuma abin sha ne mai daɗi, sai dai jan launinsa ba ya komawa jini.

Ƙwayar za ta mayar da bayan gida baƙi, wani lokaci ta sa cushewar ciki ko tashin zuciya. Kada ki yar da ita saboda haka. Ki gaya wa likita, yana iya maida ke shan ta kwana ɗaya bayan ɗaya. A ɓoye ta nesa da yara sosai, domin kama take da alewa, kuma yaron da ya haɗiyi da yawa na iya mutuwa. Mai sikila kada a ba shi ayon ko tonik sai gwaji ya nuna yana buƙata, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, don ƙarfe taruwa yake yi a hantarsa da zuciyarsa.

A ɓangaren abinci, ƙarfen da ke cikin nama, hanta da kifi shi jiki ya fi tsotsa. Na wake, gero, zogale da alayyahu yana shiga sosai in aka haɗa shi da abu mai bitamin C, kamar lemo, gwaiba ko ɗanyen tumatir. Amma wanda Hb ɗinsa ya sauka zuwa 8 ko 9, abinci kaɗai ba zai ɗago shi da wuri ba.

Ƙarin jini na leda kuwa likita ke yanke shi, yana duba lamba da halin da mutum ke ciki tare. Kada a jira gobe in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: haki ko mutum yana zaune, ciwon ƙirji, suma, kumburin ƙafa da fuska ga mai ciki, yaro mai zazzaɓi da tafin hannunsa ya yi fari yana numfashi sama-sama ko ya kasa shan nono, ko mai sikila da cikinsa ya kumbura ta hagu farat ɗaya.

Bayan sati 3 zuwa 4 da fara magani a koma a sake gwaji. In ƙarfe ne matsalar, ya kamata Hb ya ɗaga da maki 1 zuwa 2. In bai motsa ba, ko ba a shan maganin daidai, ko jinin na ci gaba da zuba, ko tun farko ba nan matsalar take ba. Ko Hb ya dawo daidai, a ci gaba da sha har wata 3 don a cika rumbu.

Ƙanwata da aka zauna da ita, sai ta faɗi abin da ba ta faɗa wa likita ba a karon farko: al'adarta kwana 9 take yi, kuma da kofin shayi take cin kowane abinci. Aka tura ta wurin likitar mata aka yi maganin zubar, aka ɗora ta kan ƙwayar ayon, ta maida shayinta tsakiyar hantsi. Yanzu takardunta na cikin leda ɗaya a ƙasan akwati, an jera su bisa kwanan wata, kuma duk ranar da za ta asibiti da su take tafiya.